Bangon jan bulo na wajen murhu: a shafa fenti ko a bar shi?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau muna Nassarawa GRA a Kano, a ɗaya daga tsofaffin gidajen nan masu murhun jin ɗumi a falo. Ga bangon, jan bulo ne daga ƙasa har silin. Hajiya ta ce ya sa falon duhu, fari take so. Alhaji kuwa ya ce kada a taɓa masa. To ni ba zan buɗe bokitin fenti ba sai na gwada bangon, domin bulo ba filasta ba ne, shan fenti yake kamar soso. Ran da ka ce ka fasa, garin kankarewa sai ka ci fuskar bulon.

Ɗan'auta, matso da kyamara. Wannan baƙin da kuke gani kunkunniya ce da ƙurar hunturu, ba wani abu ba. Omo, ruwan ɗumi, buroshi mai tauri, amma ba na waya ba. Ka fara daga... a'a, tsaya, fara jiƙa bulon da ruwa zalla tukuna, in ba haka ba zai tsotse dattin ya koma ciki. Sau da yawa daga an wanke sai ka ji mai gida ya ce a bar shi haka.

Abin da nake so ku kula da shi yana nan ƙasa. Kun ga wannan farin kamar kanwa? Gishiri ne da danshi ke turowa daga cikin bango. Ruwan ya bushe, shi ya zauna. Shekarun baya na taɓa shafa fenti mai mai a kan irinsa, cikin watan Agusta, ruwa na zuba. Kafin damina ta ɗauke fentin ya kumbura, yana ɓarewa kamar ɓawon albasa. Da kuɗina na sake aikin, kuma har yau abin yana damuna. Saboda haka ga gwajin. Yanko leda kamar faɗin tafin hannu biyu, manna ta a bangon da salatif. Duk gefe huɗu fa, kada ka bar ko 'yar kafa, in iska ta shiga gwajin ya tashi a banza. Bulo yana da gargada, sai ka bi da yatsa kana dannawa, har cikin layin siminti. Ka bar ta kwana 2. In ka ɗaga ka ga raɓa a ciki, ko wurin ya yi duhu, ajiye maganar fenti, nemo inda ruwan ke shigowa.

In ta fito a bushe, bismillah. Faraima tukuna, wato shafin share fage da ke sa fenti ya kama, sannan fentin ruwa shafi biyu, rola mai gashi da yawa. Cikin murhun kansa ban da shi, sai da fenti mai jure wuta.

Ni dai in an bar ni da zaɓina, farar ƙasa nake so, a tsinka ta da ruwa sosai. Falo zai yi haske, bulon yana leƙowa, kuma bango yana shan iska. Ga araha, ku leƙa kasuwar Ƙofar Ruwa ku tambaya. Mai son mu zo mu duba masa nasa, ya turo saƙo, ko'ina a cikin Kano muna zuwa.

Hajiya, a yi mana haƙuri zuwa jibi. Ɗan'auta, miƙo salatif ɗin.