Daga Ina Kalmar "Sarrafa" Ta Zo Mana?

Ka kai wa mai ƙuli kwano ɗaya na gyaɗa. Za ta soya, ta kai inji a markaɗa, ta yi ta murza tunkuza har mai ya tsatso, ragowar ta mulmula ta toya. Gyaɗa ce ta shiga, mai da ƙuli-ƙuli suka fito. To, me ta yi wa gyaɗar? Ta sarrafa ta.

Kalmar nan ta zauna a bakinmu har ka rantse a gida aka haife ta, alhali daga Larabci ta zo. Tushenta baƙaƙe uku ne: sadun, ra'un, fa'un. In Balarabe ya ce "sarafa", yana nufin ya juyar da abu, ya kawar da shi gefe. In ya ɗora wa ra'un shadda ya ce "sarrafa", juyin ya yawaita ke nan, an jujjuya abu ta nan da ta can. Mai shaddar muka ɗauko. Sadun ɗin kuwa, da yake ba mu da shi, sai muka sassauta shi, kamar yadda muka yi wa salla da sadaka.

Tana da 'yan'uwa da yawa. A Suratul Baƙara, aya ta 164, akwai "tasrifir riyahi", wato jujjuyawar iska. Wanda ya zauna gaban malam a zaure ya san Sarfu, abokin tafiyar Nahawu. Sarfu shi ne ilimin da ke nuna yadda tushe ɗaya ke haifar da kalmomi barkatai. Daga can masana Hausa suka samo "tasarifi", wato nazarin ginin kalma. Har ɗan canji bai tsira ba, don da Larabci sunansa "sarraf", banki kuma "masraf". Ashe mutanen Wapa a Kano, masu mai da dala naira, su ma cikin dangin suke.

Amma kada ka haɗa ta da "rikiɗa". Hawainiya da kanta take rikiɗa, ba mai taɓa ta. Sarrafawa kuwa sai da hannu: maƙeri da ƙarfensa, majemi da fatarsa, mawaƙi da harshensa. Shi ya sa da injina suka zo suna aiki ba mai riƙe da su, sai da muka yi wa kalmar ƙari, muka ce na'ura mai sarrafa kanta.