Lambar siga ba ita ce tsaron saba ba

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ina tare da Malam Isa da Bello, kuma zancen shiga saba, wato kwamfutar da ke ba wasu hidima ta intanet, daga nesa za mu yi. Malam, wani mai sauraro ya turo mana cewa manhajar bincike ta duba sabarsa, ta ce OpenSSH ɗinsa, wato manhajar SSH da ake shiga saba daga nesa da ita a ɓoye, siga 8.0 ce, wai ta tsufa. Hankalinsa ya tashi.

Malam Isa: Ya ɗan kwantar da hankali tukuna. Duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa ta 22, wato ƙofar da SSH ke amfani da ita, tun kafin a tambaye shi ko shi wane ne, saba za ta faɗa masa sigar SSH da take ɗauke da ita. Yawancin irin waɗannan manhajoji wannan layin kawai suke karantawa su yanke hukunci. Alhali Red Hat Enterprise Linux 8 tun 2019 take kan OpenSSH 8.0, a kai kuma ta tsaya. Idan an gano ɓaraka, sai su ɗauko gyaran su dasa a cikin tsohuwar, lamba ba ta motsa ba.

Bello: Amma Malam, ni dai a ganina sabuwa ta fi. Don me mutum zai zauna a kan tsohon abu?

Malam Isa: To saurara ka ji, Bello. Ranar 1 ga Yulin 2024 kamfanin Qualys ya sanar da ɓarakar da ake kira regreSSHion. Matsala ce da aka toshe tun 2006, sai wani canji da aka yi a 2020 ya dawo da ita ba a lura ba. Ta shafi siga 8.5 zuwa ƙasa da 9.8 a kan Linux, tana kuma iya bai wa ɗan kutse cikakken iko ba tare da kalmar sirri ba. Mai 8.0 bai shiga ciki ba. Mai Red Hat 9 da ke da 8.7, shi ta kama. Ubuntu 22.04 ta yi faci, wato ta toshe ɓarakar, amma har yau idan ka duba 8.9 za ka gani.

Hadiza: Ka tuna mini da batun xz, manhajar nan ta matse fayiloli.

Bello: Wannan ya girgiza ni ƙwarai. A Maris ɗin 2024 Andres Freund ya lura shiga ta SSH na ɗaukar ƙarin kusan rabin daƙiƙa. Rabin daƙiƙa fa! Ya bi diddigi har ya tarar an ɓoye ƙofar baya a cikin xz 5.6.0 da 5.6.1. Sigogin gwaji na Debian da Fedora ta shiga, tsayayyun kuwa ba ta kai gare su ba.

Hadiza: Ke nan a nan ma masu bin sabo ne suka fi kusa da haɗari. To ina ainihin abin tsoro yake, Malam?

Malam Isa: A sabar da babu mai yi mata faci. CentOS 7 tallafinta ya ƙare ranar 30 ga Yunin 2024. Wanda ke kanta har yanzu, komai aka gano, gyara ba zai zo masa ta hanyar da ya saba ba. Shi kuma mai tambayarmu ya buɗe tarihin gyare-gyaren kunshin, da rpm -q --changelog openssh, ko apt changelog openssh-server in yana Debian ko Ubuntu, ya nemi lambar CVE, wato lambar shaidar ɓarakar da ake magana a kai. In tana ciki, an gyara.

Bello: Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne har yanzu akwai na'urorin da Telnet, tsohuwar hanyar shiga daga nesa, ke buɗe a kansu, ƙofa ta 23. Kalmar sirri na tafiya a fili, kowa a hanya zai iya karantawa. Irin wannan satar ce ta sa Tatu Ylönen ya rubuta SSH a 1995 a Finland. Ta Telnet ɗin kuma muguwar manhajar Mirai ta tara kyamarori da sauran na'urori a 2016, da kalmomin sirrin da suka zo da su daga masana'anta.

Hadiza: Ita SSH ɗin fa, da an girka shi ke nan?

Malam Isa: Ina! Ki buɗe auth.log, wato kundin masu ƙoƙarin shiga, na sabar da ke fuskantar intanet ki gani, Malama. Layi bayan layi, root, admin, test, ana ta gwada sa'a dare da rana. A rufe shiga da kalmar sirri, a sa PasswordAuthentication no, a hana root, asusun da ke da cikakken iko, shiga kai tsaye, a koma makulli irin Ed25519. Tsofaffin makullan DSA kuwa an kashe su tun OpenSSH 7.0 a 2015.

Bello: In ƙara da wani abu guda. Idan kana gyara sshd_config, fayil ɗin saitin SSH, kada ka rufe tagar da kake ciki. Ka gudanar da sshd -t ya duba maka kuskure, ka sake tayar da sabis ɗin, ka buɗe taga ta biyu ka tabbatar makullinka na shiga. Sai ka rufe ta farko.

Hadiza: Madalla. A shiri na gaba za mu taɓo sabobin Windows da RDP, hanyar shigarsu daga nesa, har da ɓarakar BlueKeep ta 2019. Sai mun haɗu, a huta lafiya.