Amsoshin Tambayoyinku: Kwamfutar Ɗalibi da Aljihunsa

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa a filin amsa tambayoyinku. Wasiƙun wannan mako yawancinsu na ɗalibai ne, kuma kukan kusan ɗaya ne: malamai sun daina karɓar aiki da rubutun hannu, furojet ya ƙarato, kwamfuta kuwa tun da aka saki farashin naira a 2023 ta yi tashin gwauron zabi.

Ta farko daga wani ɗalibi ne ɗan aji biyu a Jami'ar Bayero, Kano. Ya ce ya tara 'yan kuɗinsa, an nuna masa sabuwar laftof mai araha a kwali, an kuma nuna masa ta hannu mai furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Core i7, wacce zai ɗauka?

To ɗan'uwa, da ni ne, ko ɗaya ba zan yi gaggawar ɗauka ba. Sabuwar nan da take ƙyalli a kwali, duba cikinta. Sau da yawa furosesa Celeron ce da ram giga 4, wadda idan ka buɗe shafukan intanet goma da Word za ta fara numfashi da ƙyar. Ita kuma i7 ɗin, sunan kaɗai ba ya cewa komai, sai ka san jenareshan ɗinta. Ga yadda ake ganewa: idan an rubuta i7-3520M, lambar farko bayan ɗan layin nan 3 ce, wato jenareshan na 3, ƙirar 2012. Idan kuwa i5-8250U ce, jenareshan na 8 ke nan, ƙirar 2017, kuma wannan i5 ɗin ta fi waccan i7 nesa ba kusa ba. Masu shago sun san ɗalibai i7 suke tambaya, shi ya sa suke fara ambatonta.

Akwai dalilin da ya sa nake nanata lamba 8. Kamfanin Microsoft ya sa 14 ga Oktoba, 2025 a matsayin ranar daina kula da Windows 10, Windows 11 kuwa a hukumance daga jenareshan na 8 na Intel ta fara karɓa. Saboda haka ka nemi ta hannu irin ta ofis, kamar Lenovo ThinkPad, Dell Latitude ko HP EliteBook, mai ram giga 8 da ma'ajiyar SSD. Kamfanonin Turai da Amurka ne ke sayensu da yawa su sauya bayan 'yan shekaru, jikinsu na da ƙwari, kayan gyaransu kuma ba sa wahalar samu, ko a Titin Beirut a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja. SSD ɗin nan kada ka yi wasa da shi. Giga 256 na SSD ya fi maka tera guda na tsohon faifai mai juyawa, domin shi ne ke sa kwamfuta ta tashi cikin daƙiƙu maimakon ka kunna ka tafi alwala ka dawo.

Sannan kada ka biya sai ka zauna da ita kamar rabin awa a shagon. Danna kowane harafi. Gwada kyamara da lasifika da Wi-Fi da kowace kafar USB. Buɗe farin shafi ka duba ko akwai tabo a allon. Ka sa a shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, a gabanka, don wasu suna zuwa da makullin kamfanin da ya yi amfani da su. Batir kuwa kada ka yarda da "yana awa biyar". Buɗe Command Prompt, wato wurin rubuta umarni a Windows, ka rubuta powercfg /batteryreport, zai nuna maka ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da abin da ya rage masa yanzu. Idan ya koma rabi, ka sa kuɗin sabon batir a cikin cinikin. A ba ka rasit mai lambar jikin kwamfutar, da kwanakin da za ka iya dawo da ita. Wanda ya tare ka a bakin hanya da araha mai ban mamaki babu rasit, bar masa kayarsa, kada a wayi gari kana bayani a caji ofis.

Wasiƙa ta biyu daga wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Ta ce duk zangon karatu sai ta biya an sake sa mata Office da SPSS, manhajar nazarin alƙaluman bincike, kuma kullum sai su ce lasisi ya ƙare.

Ƙanwata, abin da ake sa miki na sata ne, shi ya sa yake tsayawa, kuma ta irinsa ƙwayoyin cutar kwamfuta ke shigowa. LibreOffice kyauta ne, yana buɗe takardun Word da Excel yana kuma adana su. Google Docs ma haka. Idan makarantarki ta ba ki adireshin imel nata, gwada shi a shafin Microsoft na ɗalibai, makarantun da suka yi rajista ɗalibansu na samun Word da Excel na intanet ba sisi. Madadin SPSS akwai PSPP da JASP, amma ki fara shawartar sufabaizanki, don wasu malaman ba sa son ganin teburin da ba su saba da shi ba. Don jera manazarta ki ɗauko Zotero. 'Yan injiniya da zanen gini kuma su sani, Autodesk na ba ɗalibai AutoCAD kyauta na shekara guda, ana sabuntawa muddin mutum ɗalibi ne.

Bari in ƙara miki abin da ba ki tambaya ba. Ni da kaina na rasa babi uku na furojet ɗina, bayan na kai filasha wani shagon buga takardu ta kwaso cuta, mako biyu kafin ranar miƙawa. Asusun Google yana ba da giga 15 kyauta. Kowane dare ki tura aikinki can, ko ki aika wa kanki ta imel. Takardun da za a buga kuwa ki mayar da su PDF ki tura, ki bar filasharki a jaka.

Wani daga Sakkwato ya tambaya ko bashin NELFUND, asusun bashin karatu na gwamnatin tarayya, zai saya masa kwamfuta. Kuɗin makaranta kai tsaye ake biya wa makarantar, abin da ke zuwa hannunka naira 20,000 ne a wata na ɗawainiya, kuma bashi ne, za a fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Sai dai ka riƙa cire wani abu kana tarawa. Kafin nan, idan karatunka na rubutu ne, kibod mai Bluetooth da wayarka za su fitar da kai aikin aji. Mai koyon rubuta manhaja ko zane, wannan dabarar ba za ta kai shi ko'ina ba.

Ta ƙarshe gajeriya ce, daga wani ɗalibi a Maiduguri: cajar kwamfutarsa ta ƙone sau biyu a hostel. Malam, wutar da ake kawowa da ƙarfi bayan ɗaukewa ce ke cin su, haka ma ƙaramin janareta. Idan an ɗauke wuta ka zare, idan an kawo ka jira 'yan mintuna, ka kuma sayi soket mai kariya. Wajen caja kada ka nemi araha. Ka duba bolt da wat ɗin da aka rubuta a jikin ta asali ka sayi daidai da su, domin jabu tana iya tafiya da allon cikin kwamfutar gaba ɗaya.

Lokaci ya ci mu. Masu tambaya kan tsadar data, wasiƙunku na nan a ajiye, da su za mu buɗe mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A huta lafiya.