Sharhi: 'Yan Zinariyar Bengal da Fushin Sarki

Jama'a masu sauraro, a Bengal ta gabashin Indiya akwai wasu dangin fatake da ake kira Subarna Banik, wato 'yan kasuwar zinariya. Dukiya dai sun tara ta, amma ɗaruruwan shekaru malamin Hindu na ajin Brahman ba ya karɓar ko ruwan sha daga hannunsu.

Labarin da suka gada ya ɗora laifin kan Sarki Ballal Sen na ƙarni na 12. Wai ya ci bashin yaƙi wurin babban attajirinsu, bai biya ba ya komo neman ƙari. Attajirin ya ce sai da jingina, a ba shi harajin wani lardi. Sarki ya ɗauki wannan a matsayin raini, ya mai da dangin gaba ɗaya ƙasan jerin daraja. An rubuta labarin ne ƙarnoni bayan mutuwar sarkin, don haka masana tarihi ke ɗaukarsa da taka-tsantsan.

Abin da ba a musu a kansa shi ne hanyar da suka bi. Cibiyarsu Saptagram ce, tashar jiragen ruwa a bakin kogin Saraswati. A ƙarni na 16 yashi ya cike kogin, manyan jirage suka daina shigowa, sai fatake suka bi ruwa zuwa Hugli da Chinsura, daga bisani Kalkata.

A can suka kama aikin da ake kira baniyan. Bature ya sauka ba jari, ba harshe, bai san masaƙi ko ɗaya ba. Baniyan ne zai ba shi rance, ya sayo kaya, ya ajiye a sito, ya ɗauki la'adarsa a kowane ciniki. Haɗarin a fili yake: in jirgi ya nutse ko kamfanin Bature ya karye, kuɗin mai rance ne suka tafi. Hakan ta faru da manyan kamfanonin Turawa na Kalkata suka durƙushe a farkon shekarun 1830, sannan bankin Union Bank na birnin ya karye a 1848. Wannan ya sa da yawa suka mai da jarinsu gidajen haya da filaye.

Cikin fitattun dangin, Motilal Sil, wanda ya rasu a 1854, da sayar da kwalabe da marafansu ya fara, ya kai ga mallakar jiragen ruwa, ya kuma buɗe makarantar kyauta a 1842. Rajendra Mallik kuwa ya gina Marble Palace, wato fadar marmara, a Kalkata a 1835, gidan da har gobe zuriyarsa ke zaune a wani ɓangarensa.