A duba hantar tarwaɗa kafin man Kolmani ya fara kwarara

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Tun watan Nuwamba na 2022, lokacin da shugaban ƙasa na wancan lokaci, Muhammadu Buhari, ya ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, zancen da ya cika majalisunmu bai wuce biyu ba: rijiyoyin a ƙasar wa suke, kuma nawa za a samu. Kifin kogin Gongola da na madatsar Dadin Kowa, da namun dajin Yankari da ke Alkaleri, maƙwabtan rijiyoyin, ba su samu shiga zancen ba. Wannan shirun ne ya dame ni.

Hanta ce ke sarrafa gubar da ta shiga jikin dabba, kuma tana yin haka ne da wasu sinadarai da masana ke kira enzayim. Akwai ɗaya mai suna CYP1A, wanda yawansa ke hauhawa a hantar kifi ko tsuntsu da zarar ya haɗu da gubar ɗanyen mai, ko dayoksin, wata guba da ke fita daga ƙone-ƙonen shara da masana'antu, ko sinadarin PCB na man tsofaffin taransifomomi. Da gwajin da ake kira EROD ake auna shi, kuma yana nuna matsala tun kifi na iyo lafiya lau, tun kafin masunta su wayi gari su tarar da matattun karfasa a bakin ruwa. Bayan da jirgin Exxon Valdez ya zubar da mai a gaɓar Alaska ta Amurka a 1989, ruwan ya koma garau a ido, amma kusan shekara 20 daga baya hantar wasu agwagin teku na wurin tana nuna cewa har lokacin suna haɗuwa da ragowar man.

Wasu za su ce ai gwada ruwa ya wadatar. Bai wadatar ba. Ruwan da aka ɗiba a kwalba labarin wannan sa'ar kaɗai yake bayarwa, gubar da ta wuce jiya kuwa ta wuce. Tarwaɗa ita a ruwan take kwana, a laka take kiwo, kuma ita ce ke ƙarewa a tukunyarmu. Masu kukan tsada kuma su tambayi mutanen Ogoni na Jihar Ribas, waɗanda rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyaran ƙasarsu da malalar mai ta gurɓata zai iya cin shekara 25 zuwa 30.

Gaskiya ne gwajin yana da iyakarsa. Ba ya faɗin sunan gubar ko wanda ya zuba ta, kuma adadin enzayim yana sauyawa da zafin ruwa, da nau'in kifi, da ko macen na ɗauke da ƙwai. To ai wannan ma hujja ce ta a fara awon yanzu, domin wanda bai san yadda hantar tarwaɗar Dadin Kowa take a damina da rani kafin mai ya fito ba, da me zai kwatanta gobe? Ranar da aka samu malala, kamfani zai ce maganin feshin manoma ne, manomi ya ce man kamfani ne, masunci kuma ya rasa wanda zai riƙe. Haba jama'a, sai an kai nan?

Muna da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Jami'ar Jihar Gombe, da ta Tarayya da ke Kashere. Hukumar NESREA ta ƙasa mai tabbatar da bin dokokin kare muhalli, da ma'aikatun muhalli na jihohin biyu su zauna da malaman waɗannan jami'o'i da sarakunan ruwa, a ware kuɗi, a riƙa ɗaukar kifi daga Gongola da kogin Gaji na Yankari kowace damina da kowane rani, a auna hantarsu, a kuma karanta wa jama'a sakamakon da Hausa da Fulatanci. Awon farko kuwa a yi shi bana.