Ranar Yom Kippur, ranar jarrabawa

Malamai da ɗalibai, barkanmu da yamma.

Ku ɗauki yarinya 'yar shekara 15 a wani ƙaramin gari a Amurka, ita kaɗai ce Bayahudiya a ajinsu. An kafe jadawali a allo, ta duba, ashe jarrabawar lissafi ta faɗo ranar Yom Kippur, ranar neman gafara mafi tsarki a wajen Yahudawa. Ran nan azumin awa 25 take yi, tun daga faɗuwar rana har daren gobe, ko ruwa ba ta kurɓa. Kuma addininta ya hana ta aiki a ranar, rubutu ma aiki ne. Ko biro ba za ta riƙe ba. To, ta bar ibada ne ko ta bar maki?

Abin da ke kawo karon shi ne kalanda. Mu Sallarmu tana ja baya da kusan kwana 11 kowace shekara, har ta zagaye damina da rani. Yahudawa ma da wata suke lissafi, amma suna ƙara wata guda sau 7 a cikin shekara 19, saboda haka manyan ranakunsu ba sa barin Satumba da Oktoba. Rosh Hashana, wato sabuwar shekararsu, kwana 2, Yom Kippur ranar 10 ga wannan watan, bayan kwana 5 kuma bikin Sukkot. Daidai lokacin da makarantun Amurka suka dawo hutu ke nan, karatu ya kankama. Kirsimeti kuwa ba ta shiga wannan tsaka mai wuya, don tun asali a kanta aka gina hutun hunturu.

Inda Yahudawa suke da yawa, abin ya zo da sauƙi. Birnin New York yana rufe makarantun gwamnati a ranakun Rosh Hashana da Yom Kippur tun 1960, domin malamai Yahudawa suna da yawan da in suka zauna gida aji ba zai yiwu ba. A 2015 magajin gari Bill de Blasio ya ƙara Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah.

Ni damuwata tana wajen yarinyar nan da ba ta da yawan da za a rufe makaranta dominta. Ba rufewar ma take nema ba, a ɗaga jarrabawa da kwana ɗaya kawai. Kuma ku lura, ba ganin wata ake jira ba, lissafi ne tsayayye, an san ranar tun shekaru kafin ta zo. Malamin da ya ce ya manta, wallahi ban ga uzurinsa ba.

Wani lokaci sai an kai ruwa rana. A 2012 'yan ƙwallon kwando na makarantar Yahudawa ta Beren da ke Houston sun kai wasan kusa da na ƙarshe, aka sa shi daren Juma'a bayan Asabar ɗinsu, ranar da addininsu ya hana su aiki, ta shiga. Suka roƙi a canja lokaci, hukumar wasannin ta ƙi. Sai da iyaye suka shigar da ƙara kotu sannan aka dawo da wasan da rana, yaran suka buga suka ci.