"Ni wa ya tambaye ni?" Yadda ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a ke aiki lokacin zaɓen shugaban ƙasa

Assalamu alaikum masu kallo. Da zarar an kaɗa gangar siyasa, sai alƙaluma su fara yawo a Facebook da WhatsApp: wane yana da kashi 48 cikin 100, wane kuma kashi 45. Magoya bayan na gaba su hau murna, na baya su ce an saye masu binciken. A ƙarƙashin kowane irin wannan labari kuwa, ba ka rasa mai cewa, "To ni wa ya tambaye ni?" Tambaya ce mai ma'ana, kuma da ita za mu fara.

Idan ka je gwajin jini, ba a zuƙe jinin jikinka duka. Ɗan kaɗan ake ja a sirinji, kuma ya isa, domin jinin a gauraye yake. Haka ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a take. Idan aka tsamo mutum 1,000 ta hanyar da kowane mai zaɓe yake da damar faɗowa ciki daidai da ta kowa, amsarsu takan zo kusa da ta ƙasa baki ɗaya, da tazarar kuskure ta kusan maki 3 sama ko ƙasa. Ƙasar mutum miliyan 10 ce ko ta miliyan 200, lissafin bai canja ba.

Mu koma kan 48 da 45 ɗin nan. Mai 48 zai iya kasancewa a 45 ko a 51. Mai 45 zai iya kasancewa a 42 ko a 48. Ke nan babu wanda ya isa ya ce ga na gaba, kankankan ake yi. In kana so ka rage wannan tazara da rabi, sai ka tambayi mutum 4,000, ba 2,000 ba.

To amma mutane ba jini ba ne, ba a gauraye suke ba. A nan gizo ke saƙar.

A 1936, wata mujallar Amurka mai suna Literary Digest ta aika wa mutane takardun tambaya kusan miliyan 10. Sama da miliyan 2 suka dawo. Ku dubi yawan nan! Mujallar ta ce Alf Landon zai kayar da shugaba Franklin Roosevelt da kashi 57. Ranar zaɓe, Roosevelt ya cinye jihohi 46 cikin 48, ya bar wa Landon Maine da Vermont kawai. Me ya faru? Mujallar ta kwaso sunaye ne daga kundin masu tarho da rajistar masu mota, a lokacin da tattalin arziki ya durƙushe, talaka ba shi da ko ɗaya. Sannan waɗanda suka zauna suka cike takarda suka mayar, galibi masu jin haushin gwamnati ne. George Gallup kuwa, wani mai binciken ra'ayin jama'a, da mutum kusan 50,000, ya ce Roosevelt ne zai ci. Takardun mujallar sun zama taron tsintsiya ba shara, kuma bayan shekara biyu ta daina fitowa.

Wannan ciwo bai warke ba, salo ya sauya. Ku yi tunanin ma'aikaciyar da ke zaune gaban kwamfuta da abin sauraro a kunne. Ta kira lamba, ba a ɗauka ba. Ta kira wata, aka katse. Ta uku ya ɗauka, da ya ji siyasa ce ya ce yana da aiki. Cibiyar bincike ta Pew ta ce a 1997 kashi 36 cikin 100 na gidajen da take nema ta waya suna amsa tambayoyinta. A 2018 abin ya dawo kashi 6. Su wa ke cikin shidan nan? Da wuya su yi kama da sauran 94.

Masu bincike sun san haka, shi ya sa suke daidaita nauyin amsoshi. In matasa sun yi ƙaranci a cikin waɗanda suka amsa, sai a ƙara wa amsar kowane matashi nauyi har ta yi daidai da kasonsu a ƙasa. Haka mata, haka mutanen karkara. Aiki ne mai kyau, amma abin da ka manta ba ka auna ba, shi zai kayar da kai. A 2016, binciken ƙasa baki ɗaya ya nuna Hillary Clinton na gaba da kimanin maki 3, kuma lallai ta fi Donald Trump yawan ƙuri'u, da kusan miliyan 3. Sai dai a Amurka jihohi ne ke yanke hukunci, kuma a Wisconsin da Michigan da Pennsylvania binciken jihohi ya kauce, Trump ya cinye su ya lashe zaɓen. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne, masu digiri sun fi amsa waya, da yawan masu binciken kuma ba su daidaita nauyi ta fuskar zurfin karatu ba.

Akwai wani gurbi da nake roƙonku ku riƙa dubawa kafin ku dubi sunan kowane ɗan takara: gurbin waɗanda suka ce ba su yanke shawara ba, da waɗanda suka ƙi faɗa. Kafin zaɓen Najeriya na 2023, binciken da gidauniyar ANAP ta sa kamfanin NOI Polls ya yi ya nuna Peter Obi a gaba. Amma a cikin binciken nan, marasa matsaya da masu ƙin faɗa sun kai kusan rabin waɗanda aka tambaya. Kanun labarai ba su cika ɗauko wannan ba. Ga kuma batun fitowa: mutum sama da miliyan 93 ke da rajista, amma waɗanda suka kaɗa ƙuri'a ba su kai kashi 30 ba, kuma sakamakon da INEC ta sanar ya ba Bola Tinubu nasara. Faɗin "zan zaɓi wane" a waya daban, tsayuwa a layin rumfar zaɓe daban. Gano wanda zai fito da gaske yana cikin mafi wuyar wannan sana'a.

Don haka in alƙaluma sun iso wayarka, nemi sanin wanda ya biya kuɗin binciken, da mutum nawa aka tambaya, ta wace hanya, da kuma yadda aka tsara tambayar. Duk wanda ya ɓoye waɗannan, ni dai ba na ɗaukar maganarsa. Ƙuri'ar "danna nan ka zaɓa" da ake yi a X ko Facebook kuwa, ra'ayin mabiya shafin ne kurum.

Sai kuma kwanan wata. Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, amma a siyasa Alhamis ma tana da ta cewa. A 1948, manyan masu bincike na Amurka duka sun ce Thomas Dewey zai kayar da shugaba Harry Truman. Ɗaya daga cikinsu, Elmo Roper, ma tun a watan Satumba ya ce an gama, ba sai ya ci gaba da fitar da alƙaluma ba. Truman kuwa ya shiga jirgin ƙasa yana bin gari gari yana jawabi har ƙarshen yaƙin neman zaɓe. A daren zaɓe, jaridar Chicago Daily Tribune ba ta jira an gama ƙirga ba, ta buga da manyan baƙaƙe cewa Dewey ya kayar da Truman. Ashe Truman ne ya ci. Bayan kwana biyu, a tashar jirgin ƙasa ta St. Louis, aka miƙa wa Truman jaridar. Ya ɗaga ta sama da hannu bibbiyu yana dariya, masu hoto suka ɗauka.